Shekarar Marisuwa: Yadda Mura Ta Fi Yaƙin Duniya Kisa

Tambaya: "Assalamu alaikum Likita, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya. Kakata takan ba mu labari cewa mahaifinta maraya ya tashi. Iyayensa biyu da yayyensa uku duk sun rasu cikin mako guda, a shekarar da take kira shekarar marisuwa, gidan ya rage daga shi sai wata tsohuwa. Na tambayi malaminmu, ya ce ita ce wadda Turawa ke kira murar Sifaniya. To Likita, abin da ya ɗaure mini kai shi ne, yaya mura, wadda muke yi kowane hunturu mu warke, za ta share gida guda? Me ya kawo cutar Sifaniya ƙauyenmu a zamanin da babu mota babu jirgin sama? Kuma za ta iya dawowa?"

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan waɗannan magabata naki, ya sa aljanna ce makomarsu. Malaminku ya faɗi gaskiya, kuma kakarki ba ta ƙara gishiri ba ko kaɗan. Abin da ta ba ku labari shi ne ya faru a gidaje marasa adadi, daga Indiya har Amurka, a cikin watanni uku na ƙarshen 1918. Tambayarki uku ce a dunƙule: mece ce wannan mura da har ta yi irin wannan ɓarna, ta wace hanya ta iso mu, kuma shin ta tafi ke nan. Ni likitan lafiyar al'umma ne, aikina bin sawun annoba, don haka ta fuskar aikina zan amsa miki. Abin da ya shafi tarihi kuwa, daga masana tarihi na karɓo shi.

Bari mu fara da girman abin. A lokacin mutanen duniya ba su kai biliyan biyu ba, kuma an ƙiyasta kusan miliyan 500 sun kamu, wato mutum ɗaya cikin uku. Adadin waɗanda suka mutu akwai saɓani a kansa. Mafi ƙarancin ƙiyasi miliyan 17 ne, wanda aka fi ambata miliyan 50, wasu ma sun kai shi miliyan 100. Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda aka shafe shekara huɗu ana gwabzawa, ya ci mutum tsakanin miliyan 15 zuwa 22, soja da farar hula. Tazarar da ke tsakanin waɗannan alƙaluma na annobar tana da dalili. Wuraren da aka fi mutuwa su ne wuraren da ba a rubuta haihuwa ba a rubuta mutuwa. Magabatanki biyar ɗin nan, da wuya a ce akwai littafin da aka sa sunansu a ciki.

Sunan da aka laƙaba wa Sifaniya

Cutar ba a Sifaniya ta fara ba. Ƙasashen da ke yaƙi, su Ingila da Faransa da Jamus da Amurka, sun sa wa jaridunsu takunkumi, ba a buga labarin da zai karya zuciyar soja ko ya nuna wa abokin gaba rauni. Sifaniya ba ta shiga yaƙin ba, don haka da cutar ta kwantar da mutanen Madrid a watan Mayun 1918, har da sarkinsu Alfonso na 13, jaridunta suka yi ta bugawa. Duniya ta ji labarin daga can, sai sunan ya bi ta. Kowace al'umma kuma ta raɗa mata nata. Mu muka ce marisuwa. Larabawan Najadu suka kira shekarar da shekarar rahama, saboda yawan nema wa mamata rahama, kuma a cikinta Sarki Abdul'aziz ɗan Sa'ud ya rasa babban ɗansa Turki. A Afirka ta Kudu har yau ana cewa Baƙar Oktoba.

Inda ta tsiro kuwa, har yanzu masana na muhawara. Rahoton farko da aka fi kafa hujja da shi ya fito ne daga barikin Funston a jihar Kansas ta Amurka, ranar 4 ga Maris 1918, inda wani soja mai dafa abinci ya je asibiti da zazzaɓi, kafin rana ta yi tsaka fiye da mutum ɗari sun biyo shi. Wasu masanan sun ce a dubi babban sansanin sojan Ingila da ke Étaples a Faransa, inda aka ga wani mugun ciwon ƙirji tun 1916, wasu kuma suka nuna arewacin ƙasar Sin. A ganina wannan muhawarar ba ta kai ɗayar muhimmanci ba, wato abin da ya ba cutar ƙafa. Shi kam babu gardama a kansa, yaƙi ne. A 1918 ana kwasar samarin Amurka dubu ɗaruruwa kowane wata a jiragen ruwa zuwa Faransa, a cunkushe, wannan na tari a fuskar wannan. Ga ramukan yaƙi, ga jiragen ƙasa cike da masu rauni, ga leburori da 'yan dako da aka ɗebo daga Indiya da Sin da Afirka.

Zuwanta na farko, daga Maris zuwa Yuli, bai tayar wa kowa da hankali ba. Kwana uku na zazzaɓi, mutum ya miƙe. A ƙarshen watan Agusta ne ta sake fitowa da wata fuska, kusan lokaci guda a tashoshin jiragen ruwa uku masu nisa da juna: Brest a Faransa, Boston a Amurka, da Freetown a Saliyo. Wannan zuwa na biyu shi ne ya yi mafi yawan kisan, tsakanin Satumba da Disamba. Na uku ya biyo baya a farkon 1919, wasu wuraren har 1920.

Daga teku zuwa ƙauyenku

Freetown ita ce tashar da jiragen Ingila ke tsayawa su ɗauki kwal. Ranar 15 ga Agusta 1918 wani jirgin yaƙi mai suna Mantua ya iso da ma'aikatansa da yawa a kwance. 'Yan dakon da suka loda masa kwal suka koma gidajensu da cutar, kuma cikin 'yan makonni garin ya rasa kimanin uku zuwa huɗu cikin kowane ɗari na mutanensa. Daga nan kowane jirgi da ya tsaya shan kwal sai ya tashi da guzurinta. Jirage biyu da suka ɗauko leburorin yaƙi zuwa gida suka kai ta Cape Town, Afirka ta Kudu ta rasa mutum wajen dubu 300 cikin makonni shida. Wani ya sauke ta a Gwalkwas, wato Ghana ta yau, a ƙarshen Agusta. Ranar 14 ga Satumba kuma wani jirgi mai suna Bida ya shigo Legas da fasinjoji marasa lafiya.

Kin ce babu mota babu jirgin sama, haka ne, amma akwai jirgin ƙasa. Shekara bakwai kacal kafin wannan aka kawo dogo Kano, kuma tafiyar da a da ayari ke yi wata da watanni ta koma ta 'yan kwanaki. Wannan shi ne muhimmin abu a wurin mai nazarin annoba. Mura tana ɗaukar kwana ɗaya zuwa huɗu kafin ta bayyana, mai ita kuma yana yaɗa ta kusan mako guda. Da a ƙafa ne, wanda ya kamu a Legas zai warke ko ya rasu tun kafin ya ƙetare Kwara. A jirgin ƙasa kuwa, zai shiga lafiyarsa ƙalau, ya sauka a Zariya ko Kano yana atishawa. Hukumar Turawa ta yi ƙoƙarin killace waɗanda suka sauka daga jirgin ruwa da fesa magani a gidaje, sai mutane suka tsorata suka riƙa gudu zuwa garuruwansu, kowa da rabonsa na cutar. Ta bi dogo ta Abekuta da Badun ta yi arewa, ta bi jiragen kogin Kwara da Binuwai, kafin ƙarshen shekara babu lardin da ba ta shiga ba.

Daga tashar jirgi zuwa ƙauye kuma, ai kin san hanyar. Oktoba da Nuwamba kaka ce. Lokacin ne ake kai gyaɗa da auduga kasuwa, fatake ke ɗaure kaya, ake tara haraji, ake bukukuwan aure, almajirai da 'yan ci-rani ke shirin fita. Kasuwar ƙauye tana ci mako-mako, yau nan gobe can, dillali ɗaya yana iya zaga biyar. Sannan ga kyawawan al'adunmu, waɗanda a irin wannan lokaci suke zama hanya: a je duba mara lafiya a cika ɗaki, a yi jana'iza, a zauna zaman makoki kwana uku ana shan ruwa a moɗa ɗaya. Ka je gaisuwar mutuwa ƙauyen maƙwabta ranar Talata, ranar Juma'a naka gidan ya kwanta. Kuma a tuna mutanen ƙasar Hausa ba su daɗe da fita daga yunwar 1913 da 1914 ba.

Ƙiyasin da masana tarihi suka fi amfani da shi shi ne Najeriya ta rasa kusan rabin miliyan daga cikin mutum wajen miliyan 18. A kudu ta bar tabo iri-iri. Ƙungiyar addu'a da aka kafa a Ijebu-Ode a lokacin annobar tana cikin tushen majami'un Aladura, kuma masanin tarihi Don Ohadike ya nuna cewa ƙarancin masu ƙarfin noman doya ya sa rogo ya yaɗu a ƙasar Ibo, domin shi ba ya buƙatar wahala mai yawa. Indiya ce ta fi kowa asara, mutum miliyan 12 zuwa 20, ga shi damina ta gaza musu a shekarar, yunwa da cuta suka haɗu.

Yadda mura ke share gida

Nan ne zuciyar tambayarki, kuma nan ne zan fi daɗewa, tunda aikin jinya kike koyo.

Ƙwayar da ke kawo mura bairos ce, tana da ƙahonni iri biyu a bayanta waɗanda ake yi wa laƙabi da H da N. Da su garkuwar jiki ke gane ta. Kowace shekara tana ɗan sauya su kaɗan, shi ya sa muke sake kamuwa, amma jiki yana da ɗan sani a kanta, sai ya kore ta cikin mako. Asalin gidan waɗannan ƙwayoyi tsuntsayen ruwa ne, su agwagin daji. Wani lokaci sai wata sabuwa fil ta tsallako daga tsuntsu ko alade ta koyi bi daga mutum zuwa mutum. Ita babu wanda jikinsa ya taɓa ganinta, don haka kowa nama ne. Ta 1918, wadda yanzu ake kira H1N1, irin wannan ce.

Bambancinta na biyu, murar da kika saba tana tsayawa a hanci da maƙogwaro, ita kuwa wannan tana iya gangarawa can cikin huhu ta ɓata 'yan jakunkunan da ke musayar iska. Likitocin lokacin sun rubuta abin da suka gani: zazzaɓi mai zafi, ciwon kai da na gaɓoɓi kamar an yi wa mutum duka, haɓo, tari da kumfa mai jini. Sai leɓe da kunnuwa su fara shuɗi, fuska ta bi, alamar jini ba ya samun iska. Wasu sun tashi lafiya da safe, washegari aka binne su. Da aka buɗe ƙirjinsu aka tarar huhun ya cika da ruwa ya yi nauyi.

Sai dai yawancin mutane ba wannan saurin kisan ne ya ɗauke su ba. A 2008 wasu masana a Amurka, cikinsu har da Anthony Fauci, suka sake duba gutsattsarin huhun mamatan da aka adana da rahotannin binciken gawa na lokacin, suka gano mafi yawa ciwon nimoniya ne na bakteriya ya ƙarasa su. Bairos ta fasa katanga, bakteriyar da ke zaune a hanci da maƙogwaro ta shiga. Wannan na sha ganinsa da idona a wurin aiki. Za a kawo magidanci, matarsa ta ce mura ya yi, ya ji sauƙi har ya fita gona, kwana biyu sai zazzaɓin ya dawo da ƙarfi, ga ciwon haƙarƙari ga haki. Yau na rubuta masa maganin kashe bakteriya, in akwai oksijin a sa masa, cikin kwana uku yana neman tuwo. A 1918 babu ko ɗaya. Sai 1928 aka gano fenisilin, bai kuma shiga hannun likitoci ba sai cikin shekarun 1940. Su kansu likitocin ba su san abin da suke yaƙa ba, sun ɗauka wata bakteriya ce da Bajamushe Richard Pfeiffer ya gano a 1892, har aka yi ta haɗa alluran rigakafi a kanta. A Turai da Amurka an ɗura wa marasa lafiya asfirin da yawan da yau mun san guba ne, kuma ana zaton ya ƙara yawan mamata a can. Wannan bai shafi ƙauyukanmu ba, inda ba a san asfirin ba amma aka mutu fiye da su.

Yanzu ki sake duban gidan kakanku. Wa ya mutu? Uba da uwa da manyan 'ya'ya. Wa ya rage? Yaro da tsohuwa. Da ban san labarin ba, aka ce in zana yadda marisuwa ke yi wa gida, haka zan zana. Mura ta yau da kullum jarirai da tsofaffi take ɗauka. Wannan ta ɗauki jarirai, amma mafi girman ɓarnarta a kan 'yan shekara 20 zuwa 40 ta yi, mata masu ciki kuma suka fi kowa shan wuya. A Amurka, inda mutum dubu 675 suka mutu, matsakaicin tsawon rai ya faɗi da shekara 12 a shekara guda saboda matasa ne suka tafi. Bayani biyu ake bayarwa. Na farko, garkuwar jikin saurayi mai ƙarfi takan yi wa baƙuwar ƙwaya rubdugu har ta lalata huhun da take karewa. Na biyu, wanda ni ya fi kwanta mini, ya shafi murar da mutum ya fara haɗuwa da ita yana yaro, domin jiki ba ya manta ta. Ana ganin tsofaffin 1918 sun taɓa haɗuwa da 'yar'uwar wannan ƙwaya a ƙuruciyarsu, sai suka samu ɗan kariya. Waɗanda aka haifa daf da annobar mura ta 1889 zuwa 1890 kuwa, jikinsu wata daban ya haddace. Lissafin mamata a Kanada da wasu biranen Amurka ya nuna mutuwar ta fi tsanani a kan masu shekara 28, daidai waɗanda aka haifa a lokacin waccan annobar. Duka biyun hasashe ne mai ƙarfi, ba a rufe babinsu ba.

Akwai kuma dalili na ƙarshe da ba a cika rubutawa a littattafan likitanci ba. Idan cuta ta kwantar da masu ƙarfin gida duka a rana ɗaya, wa zai ɗebo ruwa a rijiya? Wa zai daka, wa zai hura wuta, wa zai dama kunu, wa zai ba jariri nono? Na taɓa shiga wani ƙauye lokacin ɓarkewar amai da gudawa, muka tarar da gida mutum bakwai a kwance, randa ba ko ɗigo, maƙwabta sun ƙaurace don tsoro. Biyu daga cikinsu ƙishirwa ce ta kusa kashe su kafin cutar. Tun ranar nake karanta tarihin 1918 da wani ido. Daga Alaska har tsibiran teku, rahotanni sun nuna mutane da yawa sun mutu ne don babu mai miƙa musu ruwa da abinci. A manyan biranen Amurka ma, abin da aka fi kuka da rashinsa ma'aikatan jinya ne, fiye da likitoci, tunda likita ba shi da maganin bayarwa, amma mai jinya tana iya shayar da mara lafiya, ta juya shi, ta rage masa zafin jiki, ta hana shi tashi kafin ya warke. Ina kyautata zaton tsohuwar nan ce ta raya kakanku da irin wannan hidima.

Waɗanda suka tsira

Misali biyu nake ba ɗalibaina. Tsibiran Samowa a tekun Fasifik kashi biyu ne, mutane iri ɗaya, harshe ɗaya. Ɓangaren yamma yana hannun New Zealand. Ranar 7 ga Nuwamba 1918 aka bar jirgin Talune ya sauke fasinjoji marasa lafiya a Apia, cikin wata biyu mutum wajen 8,500 suka mutu, fiye da ɗaya cikin biyar na al'ummar. Ɓangaren gabas yana hannun Amurka, gwamnansa John Poyer ya rufe tashar ya hana kowa sauka, kuma ba a rasa ko mutum ɗaya ba.

Na biyu, birnin Philadelphia na Amurka ya ƙi soke jerin gwanon tara kuɗin yaƙi ranar 28 ga Satumba, mutum wajen dubu 200 suka fito titi. Cikin kwana uku babu gadon da ya rage a asibitocin birnin, cikin mako shida fiye da dubu 12 suka mutu. St. Louis, ita ma a Amurka, ta rufe makarantu da majami'u da gidajen kallo kwana biyu bayan ganin cutar a cikin gari, mutuwarta ta tsaya kusan rabin ta Philadelphia idan aka auna da yawan jama'a. Biranen da suka yi gaggawar buɗewa, musamman da murnar ƙare yaƙi ranar 11 ga Nuwamba, da yawa cutar ta dawo musu.

Mu wannan ba baƙon ilmi ba ne a wurinmu. Hadisi ya inganta cewa idan kuka ji annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, idan kuma ta auku kuna ciki kada ku fita don gudunta. Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, da aka tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah yake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Rabin hadisin na biyu, na hana fita, shi ne aka karya a Legas a 1918. Amma ba na ganin laifin talakan da ya gudu. Wanda aka killace ba a ba shi abinci ba, ba a yi masa bayani da harshensa ba, dole ya nemi gida. Mun sake ganin haka a 2020 lokacin korona.

Za ta dawo?

Amsar da za ta ba ki mamaki ita ce, ba ta taɓa tafiya ba. Da yawancin mutane suka kamu suka samu garkuwa, sai ta yi laushi ta koma murar hunturu. A 1933 ne wasu masana uku a Landan suka fara ware bairos ɗin mura daga jikin mutum, ta hanyar sa wa wata ƙaramar dabba mai kama da tunku. Ita ainihin ta 1918 kuwa sai da aka tono ta daga kabari. A wani ƙauye na Alaska mai suna Brevig Mission, mutum 72 cikin 80 suka mutu a kwana biyar, aka binne su a rami ɗaya cikin ƙasar da ba ta narkewa. Wani mai bincike, Johan Hultin, ya je a 1951 bai yi nasara ba. Ya koma a 1997 yana da shekara 72, da izinin dattawan ƙauyen, ya samo huhun wata mata da ƙanƙara ta adana, ya aika wa wani masanin cututtuka a Amurka, Jeffery Taubenberger. A 2005 aka kammala karanta ƙwayoyin halittarta, aka ga tana da kusanci sosai da murar tsuntsaye. Aka kuma tabbatar annobar mura ta 1957 da ta 1968, waɗanda kowacce ta ci mutum wajen miliyan ɗaya ko fiye, da ta 2009, duk suna ɗauke da gadonta.

Don haka ita kanta ba ita nake tsoro ba, jikinmu ya san zuriyarta. Sabuwa nake tsoro, kuma sabuwa za ta zo, lokacinta ne babu likitan da zai iya yankewa. Wadda aka fi sa wa ido ita ce murar tsuntsaye H5N1. A watan Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da ita a nahiyar Afirka a wata gonar kaji a jihar Kaduna, cikin watan kuma aka same ta a Magarya ta Nijar, a farkon 2007 ta kashe wata mata a Legas. Cikin mutanen da aka tabbatar sun kamu da ita a duniya tun 2003, kusan rabi sun mutu. Abin da ya tsare mu har yau shi ne ba ta iya bi daga mutum zuwa mutum cikin sauƙi ba. A 2024 an same ta a shanun madara a Amurka, abin da ya ƙara sa masana zama cikin shiri.

Muna da abin da mutanen 1918 ba su da shi. Tun 1952 Hukumar Lafiya ta Duniya ke da ɗakunan gwaje-gwaje a ƙasashe da yawa masu bin sauye-sauyen ƙwayar, akwai allurar rigakafi, akwai maganin bairos ɗin kanta, akwai maganin nimoniya, akwai oksijin. Amma allurar sabuwar ƙwaya tana ɗaukar watanni kafin a haɗa, kuma korona ta nuna mana wa ake fara ba wa, wa ke jira. Jirgin sama kuma ya mayar da tafiyar Mantua ta makonni ta zama ta awa shida. Na taɓa kwana a wani asibiti da tukunyar oksijin ɗaya da marasa lafiya huɗu masu buƙatarta, ina zaɓen wanda zan sa wa. A irin wannan daren, tazarar da ke tsakaninmu da 1918 ba ta da yawa.

Ke da za ki tsaya a bakin gado, ga abin da nake so ya zauna miki. Mai mura da ya ji sauƙi sannan zazzaɓi ya dawo, ki ɗauke shi mai nimoniya har sai an tabbatar ba haka ba. Ki ƙirga numfashi da agogo, minti guda cur: jaririn da bai kai wata biyu ba 60 ko fiye, daga wata biyu zuwa shekara 50, daga shekara ɗaya zuwa biyar 40, duk waɗannan haɗari ne. A baƙar fata shuɗin ba ya fitowa a fuska da wuri, ki duba cikin leɓe da harshe da ƙasan farce. Mace mai ciki da mura da haki ba a ce mata ta dawo gobe. Idan kuma kika ga samari majiya ƙarfi biyu ko uku daga gida ɗaya, ko masu aiki a gonar kaji ko kasuwar 'yan kaji, sun zo da ciwon ƙirji mai tsanani a mako guda, ki sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukumarku a ranar, kada ki jira sakamakon gwaji.

Sannan ina roƙonki wata alfarma. In kin je gida hutu, ki zauna da kakarki ki ɗauki muryarta a waya. Ki tambaye ta sunan ƙauyen, da ko an riga an yi girbi lokacin, da wanda aka ce ya fara kwanciya da inda ya dawo, da yadda aka yi da jana'iza, da sunan tsohuwar da abin da ta riƙa ba yaron. Abin da aka rubuta game da marisuwa a ƙasar Hausa yawancinsa rahoton Turawan mulki ne, su kuwa jimilla suka rubuta, ba su shiga cikin gidaje ba. In kin samu, ki turo mini, ina so in karanta wa ɗalibaina. Ki gaishe ta, ki ce likita yana yi mata fatan ƙarin lafiya.